Faifan Birkin Prince da Tulun Mama Lahadi

Ranar da Shadrach ya dawo Kontagora daga Legas, abu biyu ya sauko da su daga mota: sabon suna da tsohon keke. Sunan shi ne Prince. Keken kuwa irin na hawan duwatsu ne, mai tayoyi masu kaushi kamar bayan kada, ga giyar canja gudu birjik, ga wani ɗan faifan ƙarfe a tsakiyar kowace ƙafa wanda birki ke damƙa. Duk shekarun da ya yi a can, unguwa ta ji labarin cewa injiniya ne a wani babban shagon kekuna. Gaskiyar magana, shi ke wanke kekunan masu hannu da shuni da ke hawa ran Asabar don rage tumbi, yana kuma miƙa sifana idan an ce miƙo. Amma Legas da nisa, soso kuma ba ya ba da shaida.

Mahaifiyarsa, Mama Lahadi, ta yi murna, ta yanka kaza, ta bar shi ya huta. Da hutun ya fara tsami, sai ta zaunar da shi a tsakar gida.

"Shadrach, kawunka na Sahon Rami yana neman hannu a gona."

"Mama, Prince."

"Da wanda na haifa nake magana."

"Mama, ni fa kamfani zan buɗe. Kai saƙo a keke, yadda ake yi a Legas. Mutum na zaune a gida, ya buga waya, kafin ya ajiye ta ga ni a ƙofa."

Ƙanwarsa Rachel, da ke tsintar shinkafa a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yaya, wane saƙo ne a garin nan ya fi ƙarfin ɗan kabu-kabu?"

"Abu mai fashewa. Ƙwai, kwalba, kek ɗin biki. Ɗan kabu-kabu gudu ya sani, bai san tsayawa ba. Ni tsayawa zan sayar."

Maganar ta yi masa daɗi a baki har ya sake faɗinta.

An yi dace, a lokacin ana shirin babban taron zumuntar mata a cocinsu da ke can ƙasan gangaren rafi. Mata za su zo daga Auna, daga Rijau, daga ko'ina. Mama Lahadi ce mai kiɗan tulu a zumuntar, tulun kuwa ba irin na kasuwa ba ne. Baƙi ne, mai ƙaton ciki, ta gaje shi daga uwarta ta Tungan Magajiya. Idan ta buga bakinsa, ba a kunne ake jin muryarsa ba, a ƙirji ake ji. Ko ƙura ba ta yarda wani ya share masa.

A nan Prince ya hango tallarsa.

"Mama, ki ba ni tulun nan in kai miki coci ranar taro. Matan gunduma kaf su ga abu mai fashewa ya sauka gangaren rafi a guje, ya tsaya cak a gabansu, ko tsagewa bai yi ba. Shi ke nan, kamfani ya kafu."

Mama Lahadi ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "To. In ka kai shi lafiya, ka buɗe kamfaninka. In ya fashe, fartanya na jiranka a Sahon Rami, ni kuma ka nemi wata uwar."

Da ya tsaya a nan, da an zauna lafiya, domin birkin keken nan lafiyarsa ƙalau. Amma washegari ya fito da shi ƙofar gida, inda Fure mai ƙosai ke suya, ya fara yi wa masu jiran ƙosai lacca a kan bambancin birkin faifai da birkin roba na kekunan kakanni. Fure ta leƙo ta bayan hayaƙi, ta nuna ƙafar keken da matsamin ƙosai.

"Firinsi, wai wannan ɗan murfin gwangwanin madarar ne zai tsai da kai da tulun Lahadi a gangaren rafi?"

Aka kwashe da dariya. Prince ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Ya dubi faifan, sai ya ga lallai ya ƙanƙance tun da aka faɗa. Nan take, a gaban kowa, ya zaro waya ya kira Andrew, tsohon abokin aikinsa a shagon Legas, ya ƙara murya yadda har na bayan layi zai ji.

"Andrew, faifan birki nake so. Babba."

"Girma uku muke da shi," in ji Andrew. "Mai lamba ɗari da sittin, shi ke jikin kekenka. Akwai ɗari da tamanin. Sai ɗari biyu da uku, na masu gangarowa daga kan dutse kamar an koro su. Akwai dutse a wajenku?"

"Muna da gangaren rafi."

"Na jikin ya ishe ka. In ka matsa, sa na tsakiyan a gaba kawai."

"Turo babban. Guda biyu."

"Shadrach, ƙafar kekenka ba za ta ɗauke shi haka nan ba. Kuma ka ji, duk abin da za ka yi, kada ka kuskura ka bar..."

Prince ya kashe wayar. Fure na kallo, injiniya kuwa ba ya karɓar darasi a gaban mai ƙosai.

Da direban motar Legas ya kawo saƙon, sai da Prince ya zaga unguwa da fayafayan a hannu yana juya su a rana kafin ya kai su gida. Fure ta ce, "Yauwa, yanzu an kai murfin tukunya." Ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Ya kwance tsofaffin, ya ɗaura sababbin, ya zo zai mai da ƙafa, sai muƙamuƙin birkin, wato ƙarfen da ke cizon faifan, ya ƙi ba da hanya. An yi shi ne ya ciji ƙaramin faifai; babban ya zo ya tokare masa wuya. Prince ya tura, ya ja, ya yi masa turanci. Bai ji ba.

Sai ya saɓi keken zuwa wajen Lukuman mai walda, mutumin da tun da ya buɗe shago ba a taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba.

"Lukuman, ka taɓa yin irin wannan?"

"Ni da na haɗa ƙofar gidan ciyaman? Ajiye, Injiniya."

Lukuman ya yanko guntun ƙarfen tsohon gado, ya huda, ya ƙona, ya buga, ya matsar da muƙamuƙin can waje, gaba da baya. Prince ya durƙusa ya rufe ido ɗaya yana auna.

"Kamar ya ɗan karkace."

"Idonka ne ya karkace. Ita kanta ƙasar da za ka hau a kai, a miƙe take?"

Wannan hujja ta gamsar da Prince. Ya kuma sanar cewa za a yi gwaji a bainar jama'a. Ya ja layi da ƙafa a ƙasa, dab da inda Fure ke ajiye robar ƙullunta, ya ce zai taho tun daga bakin kwalbati a guje, tayar gaba kuma ba za ta tsallake layin nan ba ko da faɗin farce. Mutane suka bar ƙosai suka tsaya. Ya taho, riga na kaɗawa, ya dubi jama'a, ya matse birki biyu da dukan ƙarfinsa.

Keken ya cika alkawari. Ya tsaya cak a kan layi.

Prince ne bai tsaya ba. Ya tashi ta saman kan keken hannuwa a buɗe, ya ɗan ga unguwarsu daga sama yadda bai taɓa ganinta ba, ya sauka da fuska cikin robar ƙullu.

"Wayyo ƙulluna!" in ji Fure. "Tun asuba nake bugunsa!"

Prince ya ɗago kai, ƙullun wake na ɗiga daga gira, albasa maƙale a kunne. "Kun gani? Birkin ya yi aiki!"

"Ya yi, wallahi," in ji Lukuman yana riƙe ciki. "Saura kai ma in yi maka walda a kan sirdin."

"Ku sa shi a mai," wata mata ta ce daga baya, "mu ga ƙosan Legas."

Faɗuwar ta ƙuje masa gwiwa, ta kuma ɗan lanƙwasa faifan gaba. Daga ranar keken ya sami murya. Duk juyin taya sai ya ce kiii, kiii, idan kuma aka taɓa birki sai ya kurma ihu irin na aladen da aka kama don Kirsimeti. Karnuka suka fara raka shi. Wani maƙwabci mai kiwon aladu ya fito da sanda a guje yana zaton ɓarayi sun shiga garkensa. Tun yana bakin kwalbati za ka ji mata na cewa, "Ku kwashe shanya, aladen gidan Lahadi na tafe."

"Yaya, ka huta da sayen ƙararrawa," in ji Rachel.

Mama Lahadi ba ta ga abin dariya ba. "Tulun uwata ba zai shiga harabar coci da kukan alade ba. Matan Auna su koma su ce me? Ko ka rufe wa abin nan baki, ko in ɗauki kayana a ka yadda na saba."

Prince ya shiga aiki. Ya miƙar da faifan da filaya, kukan ya ƙara siriri. Ya bubbuga shi da dutse, kukan ya rabu biyu, gaba na kira baya na amsawa. Ya ɗebo ruwa a tsohon tsagaggen tulun da ake ajiye wa kaji ruwa a bayan madafi, ya wanke fayafayan da sabulu, sana'ar da ita kam ya ƙware a kanta. Suka yi fes, suna walƙiya, suna ihu.

Ana gobe taro, da la'asar, yana zaune ya miƙe ƙafa Mama na shafa masa man kaɗe a gwiwa. A gidan nan man kaɗe shi ne likita, shi ne makaniki. Ƙofa ta yi ƙara, man kaɗe. Keken ɗinki ya yi gardama, man kaɗe. Kaushin ƙafa, tarin Rachel, jaririn maƙwabta da ya ƙi barci, duk gwangwani ɗaya ake buɗewa. Tun Shadrach na rarrafe ya san dokar gidan: duk abin da ya yi kuka, a shafa masa ya yi shiru.

Ya dubi gwangwanin. Ya dubi keken. Wani haske ya sauko masa.

Da Mama ta shiga madafi, ya lakato da yatsa ɗaya, sannan da biyu, sannan ya ce ina amfanin rowa a aikin kamfani, ya dumbuzo da hannu. Ya mulke faifan gaba ciki da waje. Ya mulke na baya shi ma, don kada ya ce an nuna bambanci. Ya ɗaga ƙafar keken ya juya ta.

Tsit.

Ya matse birki. Tsit, kamar coci lokacin addu'a.

"Rachel! Zo ki ga abin da ake kira haɗin gwiwa. Ilimin Legas, hikimar gargajiya."

Rachel ta zo ta shinshina. "Ba za ka hau ka gwada ba?"

"Gwaji na mai shakka ne."

Gaskiya gwiwar ce ba ta son lanƙwasuwa, amma wannan ba magana ce ta shugaban kamfani ba.

Da safe wata matsalar ta ɓullo: keken hawan dutse ba shi da kariya, wato wurin ɗaura kaya a baya. Mama Lahadi ta ce kada ya damu. Ta fito daga ɗaki da tulun an riga an naɗe shi a buhu, an cusa masa ciyawa, an ɗaure baki tam. Ta ce ya sunkuya. Ta ɗora masa a baya, ta ja zane ta ɗaure a ƙirjinsa, ta ƙara majanyi, goyo sosai irin na mai jego. Kaji na ta zagaya tsakar gida suna surutu.

"Me ke damun kajin nan yau?" in ji Rachel.

"Rabu da su," in ji Mama. "Kai kuma yi gaba, kada ka kwance buhun sai na zo. Zan biyo a hankali."

Prince ya fito da hular kwano, da baƙin tabarau, da goyo. Fure ta ajiye matsami ta tafa hannu.

"Barka da arziki, Firinsi! Yaushe aka sauka? Mace ko namiji?"

"Tulu ne."

"Allah ya raya!"

Bai kula ta ba. Ya wuce sumul, ba kiii ba kaaa, har karnuka suka ɗaga kai suka mai da, ba su gane shi ba.

A saman gangaren ya hango abin da ya yi mafarki. Can ƙasa, mata sun yi sahu a ƙofar coci cikin anko, ɗankwali iri ɗaya, ana waƙar shiga, ana kaɗa caki, wuri ɗaya kawai ya rage a gaban sahu, na mai tulu. Shugabar zumunta, Mama Priscilla, na tsaye a tsakiya tana ba da waƙa. A gabanta Prince ya yi niyyar tsayawa, da yatsa ɗaya, ya cire tabarau ya ce, "Saƙo ya iso." Ya ma ƙara taka feda don abin ya yi armashi.

Da ya kai rabin gangaren ya sa yatsa ɗaya a birki. Keken bai ji ba. Ya sa biyu. Ya sa hannu duka, dama da hagu, har jijiyar wuya ta tashi. Muƙamuƙan sun ciza iya cizo, amma manyan fayafayan nan na sulɓewa a tsakaninsu kamar tarwaɗa a hannun mai wanka. Wani ƙamshi ya taso, ƙamshin man kaɗe da ya ji zafi, ƙamshin gwiwar duk wanda ya taɓa faɗuwa a gidansu.

A nan, a tsakiyar gangare, ilimin Legas ya ga damar dawowa. Ya tuna ranar da maigidansu na shagon Legas ya buge masa hannu don ya kusanci faifan birki da tsumman mai. Ya tuna Andrew a waya: kada ka kuskura ka bar... Mai. Mai ne ƙarshen maganar. Ya same ta cikakkiya, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Kuma keken shiru yake tafe. Jiya war haka da kukan aladen nan ya share masa hanya tun daga sama. Yau ba ƙararrawa, ba ƙara, matan sun juya baya suna waƙa. Dole Prince ya karɓi aikin aladen da bakinsa.

"Ku kauce! Ba birki! Mama Priscilla, ba birkiii!"

Ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa. Takalmin dama ya tafi. Na hagu ya bi ɗan'uwansa. Wata mata ta waiwayo ta ƙwala "Yesu!", sahu ya dare biyu kamar Bahar Maliya a gaban Musa, caki na tashi sama, ɗankwali na faɗuwa. Prince ya ratsa ta tsakiya da goyonsa, ya wuce Mama Priscilla har iskar ta juya mata zane, ya shige harabar coci, ya nufi tulin yashin da aka sauke don ginin sabon ɗakin taro.

Yashi bai san man kaɗe ba. Ya riƙe tayar gaba gam. Prince ya sake ganin gari daga sama, ya juya a iska, ya sauka a kan bayansa.

Fosh!

Duk wadda ta taɓa fasa tukunya ta san wannan ƙarar. Waƙa ta mutu. Mama Priscilla ta ɗora hannu biyu a ka.

"Tulun Lahadi! Wayyo, tulun Lahadi!"

Prince ya zauna a kan yashi, hular kwano ta juya baya, tabarau ido ɗaya. Ya taɓa buhun, ya ji kasake na motsi a ciki. Ya buɗe baki zai ɗora wa yashin laifi, ko gangaren, ko waldar Lukuman, sai ya tuna abin da ya goyo. Tulun kakarsa ne. Da muryarsa aka yi masa baftisma, da muryarsa aka raka mahaifinsa kabari. Shugaban kamfani ya fashe da kuka a gaban matan gunduma, kuka mai majina, zanen goyo a ƙirji.

Yana cikin haka sai aka ji wani abu daga saman gangare. Dum. Dum. Ba a kunne ba, a ƙirji.

Kowa ya juya. Mama Lahadi ce ke saukowa a hankali cikin ankonta, baƙin tulu zaune daram a kan gammo, tana ɗan buga masa ciki da tafin hannu. Rachel na biye da ita, tana tsintar takalman yayanta ɗaya bayan ɗaya.

Mama ta iso, ta sauke tulun a wurinsa a gaban sahu, sannan ta zo ta tsaya a kan ɗanta.

"Mama... to wannan na bayana fa?"

"Na kaji ne."

Wata daga matan Auna ta fara ƙyalƙyalewa, saura suka kama. Prince ya share hanci da gefen majanyi.

"Ashe ba ki yarda da ni ba, Mama."

"Na yarda da kai ƙwarai, Shadrach. Na yarda za ka fasa." Ta ɗaga hanci tana shaƙa. "Wannan ba ƙamshin man kaɗena ba ne?"

"Kaɗan na ɗiba."

"Rabin gwangwani, Mama," in ji Rachel. "Don kada na baya ya ce an nuna bambanci."

Prince ya yi yunƙurin ƙarshe, domin mai kamfani ba ya mutuwa sau ɗaya. "Amma Mama, in aka duba da kyau, tulun ai ya iso lafiya."

"Ya iso. A kan wa?"

Mama Priscilla ta ɗaure ɗankwalinta, ta ba da murya, tulu ya amsa, sahu ya shige coci ya bar shi a kan yashi yana neman bakin ƙullin zane.

Kafin mako ya zagayo Prince na Sahon Rami. Keken ya koma kan ƙananan fayafayansa, Rachel ce ke zuwa kasuwa da shi, kuma yana tsayawa duk inda ta ce. Manyan kuwa kawu ya zura musu igiya ya rataye su a tsakiyar gonar dawa. Iska na kaɗa su suna walƙiya suna karo da juna, tsuntsaye ko kusa ba sa zuwa. Manoman gefe suka zo kallo, suna tambayar inda aka samo.

Prince ya jingina da fartanya, ya gyara tabarau mai ido ɗaya.

"Daga Legas na sa aka kawo. Amma ku kula, girma uku ne. In kuka sayi ƙaramin, tsuntsu raina shi zai yi."